Wa Ya Sayar da Telo?

Eleuterio Payano, wanda kowa a garinmu Consuelo ke kira Telo, irin mutumin nan ne da in ka ce masa ina kwana sai ya ɗaga kai ya dubi rana kafin ya amsa. Mahaifiyarsa, Doña Casilda, takan ce tun yana jariri sai ya shinshina nono yake kamawa. Ni ne Saturnino, Nino. Layi ɗaya muka tashi da shi a bayan injin rake, tare muka fara dukan murfin jarka da sandar tsintsiya, kuma ni na riƙe 'yarsa ta fari a coci ranar baftisma, shi ya sa kompai muke ce wa juna. Na faɗi haka ne don a san ba a bakin mutane na tsinci labarinsa ba, kuma har yau akwai abin da ya tsaya mini a wuya game da shi.

A garinmu yaro ko dai ya sari rake ko ya buga besbol. Telo Allah ya ba shi hannu, ni kuma ya ba ni gwiwa. Shi ke tsayawa kan tudu ya jefo ƙwallo, ni ke tsugunne bayan mai kulki, wanda ke son dukan ƙwallon, ina cafewa. Kafin kowace jifa sai in ɓoye hannu tsakanin cinyoyina in nuna masa da yatsu irin wadda zai jefo, miƙaƙƙiya ko mai lanƙwasa. Wasan gaba ɗaya a nan ya rataya: kada mai kulki ya san abin da ke tafe. Ranar da ya sani, ko hannun wa ya jefo ta, a bayan katanga za a tsince ta.

Shekara ɗaya wata ƙungiyar Amurka ta ɗauke mu, ta watsa mu cikin ƙananan lig, garuruwan da ba ka ganin komai sai gonakin masara da tankin ruwa. Da fari sun gwada Telo a mai buɗe wasa, suka ga ƙarfinsa ba ya kai shi nisa, sai suka tura shi cikin 'yan kwana-kwana. Haka muke kiran masu jifan da ke zaune can ƙarshen fili cikin shingen waya, suna taunar cingam, suna jiran wayar bango ta yi ƙara. In mai buɗe wasa ya gaji, ko wuta ta kama, manaja zai bugo ya ambaci suna ɗaya tak. Wani lokaci ka tashi ka ɗumama hannu har gumi ya keto maka, a sake bugowa a ce koma ka zauna. Aikin nan ko mai farar zuciya sai ya koya masa zargi, balle Telo da ya taho da nasa daga gida.

Muna cunkushe a ɗaki da 'yan ƙasarmu, tukunyar shinkafa ɗaya muke ci, amma safar hannunsa ta fata a ƙarƙashin matashinsa take kwana. In koci ya yi masa murmushi, ranar ba shi ba kwanciyar hankali.

"Ka ga ya dafa ni?" ya ce mini wata rana a cikin bas.

"To sai me? Ni ma ai ya dafa ni."

"Kai a baya ya dafa ka. Ni a kafaɗa. Dafa kafaɗa na sallama ne, kompai."

"Kai dai Allah ya sawwaƙe maka. Ko aljanna aka sa ka sai ka tambayi wa aka kora aka ba ka ɗakinsa."

"Ai kuwa sai na tambaya."

Abin haushin shi ne wani lokaci zaton nasa yakan fito daidai. Kocin nan da ya dafa shi, shi ne ya kira shi ofis bayan 'yan kwanaki ya ce masa sun gode. A ƙananan lig da murmushi ake yanka mutum, kowa ya san haka, kuma wanda maciji ya taɓa sara ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Wata ƙungiya ta ɗauke shi, jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ya warke, su ma suka sallame shi. Sa'anninsa da suka gaji suka koma gida, wani ya kama acaba, wani ya buɗe shagon aski. Telo bai koma ba. Wannan kam ba zan tauye masa ba: ban taɓa ganin mai naci irin nasa ba.

Mexico ya faɗa, kuma a can wani tsohon mai jifa ya koya masa wadda muke kira cokali mai yatsu. Ana buɗe manuniya da ɗan yatsan tsakiya ne a cusa ƙwallon a tsakaninsu, a ɓoye cikin safar hannu. Takan taso kamar miƙaƙƙiya, sai ta zo dab da mai kulki ta faɗi ƙasa kamar an yanke mata igiya. Da ita ya dawo Amurka yana ɗan shekara talatin da wani abu, shekarun da a wasan nan ana ce wa mutum tsoho. Allah ya sa ƙungiyar da ta ɗauke shi ita ce nake ciki, a matakin ƙarshe kafin Babban Lig. Ni tuni na san kulkina ba zai kai ni ko'ina ba. Suna riƙe da ni ne don na iya lallashin masu jifa, na kuma iya Turanci.

A bazarar nan cokalin Telo ya sa ƙarti suka yi ta dukan iska. Wata rana cikin Yuli manaja ya kira mu ofis mu biyu, ya haɗe rai, ya fara faɗa wai mun makara shiga bas. Al'ada ce, sukan tsorata mutum kafin su yi masa albishir. Can ya ce tunda ba mu iya bas ba, to gobe jirgi za mu hau: Babban Lig na neman ɗan kwana-kwana ɗaya, da mai cafewa na ko-ta-kwana, don nasu ya ji rauni. Ni dai na zauna a ƙasa ina kuka ba kunya. Telo bai ko motsa ba.

"Tambaye shi wa ya sa shi," ya ce mini da yarenmu.

"Kompai, Babban Lig fa aka ce!"

"Na ji. Tambaye shi su wa ke bayan ƙofa suna jira su yi dariya."

Sai da jirgi ya ɗaga ya kira Doña Casilda... a'a, ƙarya nake yi masa: sai da ya ga rigarsa rataye da sunansa a baya, ya juya ta ciki da waje, sannan ya kira ta.

Makonnin farko sun yi daɗi. Manaja ya lura na fi kowa sanin cokalin, sai ya zama in waya ta kira Telo, ni ma in ɗaura sulke in fito tare da shi. Manyan da muke gani a talabijin muna yara suka riƙa kai duka ƙwallo na ƙasa, suna komawa benci suna zagi. A Consuelo har wani ya sa wa akuyarsa suna Cokali.

Sai abu ya juya ba sallama. In na nemi cokali, mai kulki zai tsaya ƙiƙam ya bar ta ta faɗi ƙasa, ko gezau. In na nemi miƙaƙƙiya, yana nan ya shirya mata kamar an aiko masa da saƙo. Ba mutum ɗaya ba, ba ƙungiya ɗaya ba. Ni kaina na ce ruwa ba ya tsami banza. Kocin masu jifa ya zauna ya kalli faifan bidiyo ya sake kallo, bai ga komai ba, domin kyamarar daga bayan mai jifa take ɗauka, ƙeya da kafaɗa kawai take nunawa. Kuma kowa ya san abin da ke biye: ɗan kwana-kwana mai shekara talatin da ake dukan jifarsa, ba a yi masa dogon haƙuri. In suka mayar da Telo ƙasa a wannan karo, ba mai sake kiransa.

Telo ya fara da zargin wani mai farar riga da ke zama a kujerun tsakiyar fili, wai shi ke ɗaga hula yana ba masu kulki alama. Ya koma kan mai sharar tudu. Ya koma kan fitilar allon maki. Ya sa muka sauya alamun yatsu, aka mai da su wani lissafi mai rikitarwa, wanda daga ni har shi ba mai riƙe shi da kyau, har ranar da nake jiran cokali ya sako mini miƙaƙƙiya ta same ni a maƙogwaro. Da na dawo hayyacina, abin da ya fara ce mini shi ne me ya sa na ruɗe.

Akwai wata al'ada tamu wadda 'yan Amurka ba su taɓa ganewa ba. In ƙungiya ta zo baƙunta garinku, 'yan ƙasarmu na gida su ke ciyar da 'yan ƙasarmu na cikin baƙi. A fili abokan gaba ne, amma ba za ka bar ɗan'uwanka da burodi da ganye ba alhali akwai shinkafa da wake. Wata dattijuwa 'yar yankinmu da ke zaune a birnin, Doña Fefa, ita ke dafawa, sabon zuwa kuma shi ke kaiwa. Ni ne sabon zuwan da ya yarda ya ɗauka. Ranar wata Asabar na kinkimi kuloli na kai ɗakin baƙi, na tarar da Ubaldo, wanda ake kira Chivo, wato bunsuru, saboda ɗan gemunsa. Ɗan garin da ke maƙwabtaka da namu ne, ƙato, mai dariyar da ake ji daga titi.

"Nino! Kai ne yaron aike yanzu? Ina soyayyen agade?"

"Yana ƙasa, maye. Ci ka ƙoshi, ko cikin ya hana ka gudu."

"Wa ya ce maka gudu zan yi? A hankali zan zagaya."

Ya rungume ni, muka yi dariya a bakin ƙofa. Ban san Telo na tsaye a ƙarshen baranda ba. Da yamma wuta ta kama, waya ta kira Telo, Chivo ya shigo da kulki. Ya bar cokali biyu suka wuce, ya ɗauki miƙaƙƙiya ya aika ta bayan katanga, inda ba a dawowa. Wanda ya yi haka zagaya fili kawai zai yi ya ci maki, ba sai ya yi gudu ba. Kuma a hankali ya zagaya ɗin, ɗan banza.

A ɗakin sauya kaya Telo bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Me kuke wa dariya kai da Bunsuru?"

"Agade."

"Agade." Ya gyaɗa kai. "Da ɗan gari akan ci gari, kompai. Na duba ko'ina ban da gabana. Mutum ɗaya ne a duniya ya san abin da zan jefa kafin in jefa."

Na ɗauka wasa yake, sai na ga idonsa. Na ce, "Telo, ni? Ni da na riƙe 'yarka a gaban limamin coci? In an sallame ka, ni wa zai riƙe ni a nan? Ka yi tunani mana, jaki!"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. Wa ya yi maka alkawarin riƙe ka?"

Washegari ya je ya ce wa manaja ba ya son in sake cafe masa. Manaja bai yarda na yi wani abu ba, shi da bakinsa ya faɗa mini. Amma mai cafewar da ya ji rauni ya kusa warkewa, ni kuma amfanina Telo ne, ba wanda zai riƙe rigima saboda ɗan ko-ta-kwana. Aka mayar da ni ƙasa ko wata biyu ban cika ba. Ban sake taka Babban Lig ba. Da kakar ƙananan lig ta ƙare farkon Satumba na dawo Consuelo, na tarar maganar ta riga ni isowa. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, amma in na zauna teburin wasan domino sai in ga mutum ya ƙara kife ƙwayoyinsa. Wannan ya fi mini korar ciwo.

Can kuwa dukan bai tsaya ba. An sauya mai cafewa, ana ta aika ƙwallon Telo bayan katanga kamar da. Sai ga wani ikon Allah: aka yi musayar 'yan wasa, Chivo ya faɗo ƙungiyar su Telo. A wasan nan akwai ƙa'idar da ba a rubuta ba. Muddin kuna gaba da mai jifa, duk lagonsa da ka gano naka ne da 'yan ƙungiyarka, ko uwa ɗaya ta haife ku ba za ka faɗa masa ba. Ranar da kuka sa riga iri ɗaya kuwa, wajibi ne ka kira shi gefe ka zazzage masa. Chivo ya ba ni labarin daga baya, ya ce ko jakarsa bai ajiye ba ya ja Telo gefe.

"Ɗan'uwa, ba wanda ya sayar da kai. Kai ke sayar da kanka. In miƙaƙƙiya za ka jefa, idonka na kan mai cafewa. In cokali ne, sai ka saci kallon cikin safarka, ka duba ko yatsunka sun zauna daidai. Ƙiftawar ido ce, amma daga inda muke tsaye kamar ka ɗaga tuta. Lig ɗin nan kaf an sani, har masu wankin kaya. Maganinsa ba wuya: ko ka daina leƙawa, ko ka riƙa leƙawa kowace jifa."

Chivo ya ce Telo ya dube shi ya ce, "Shi ya ce ka faɗa mini haka?"

"Shi wa?"

"Abokin cin agadenka. Ku wanke shi, ni kuma ku ruɗa mini hannu."

Ranar wata Lahadi da hantsi ina zaune a ƙofar kantin Don Pascasio wayata ta yi ƙara. Telo ne, karo na farko tun rabuwarmu. Ba gaisuwa, ba neman gafara. Manaja ya gaya masa in aka sake dukansa yau, shi ke nan.

"Kompai, tambaya ɗaya. Tsakaninka da Allah. Duk tsugunnon da ka yi a gabana, ka taɓa ganin ina leƙa safata?"

Na lalubi ƙwaƙwalwata, na faɗa masa gaskiya. "Ban taɓa gani ba. Amma saurara, ni ba fuskarka nake kallo ba. Na riga na san abin da ke zuwa, me zan nema a idonka? Hannunka nake jira. Mai kulki shi ke neman alama. In Chivo ya ce ya gani, ka..."

"Ba ka taɓa gani ba."

"Na ce ban duba ba, Telo! Ka leƙa a kowace jifa mana, me zai rage ka da shi?"

"Da ma na san ƙarya yake. Na gode, kompai."

Ya kashe. Na kira, na sake kira, a rufe. Tun muna yara nake faɗa wa mutumin nan gaskiya yana juya ta yana duba ƙasanta, sai ranar ya ga damar yarda da ni, kuma rabin maganar kawai ya ɗauka.

Da la'asar kantin ya cika, Don Pascasio ya tayar da janareta ya ɗora talabijin kan firiji. Wasan ya zo ƙarshe-ƙarshe, ƙungiyar su Telo na gaba da maki ɗaya, abokan gaba suna da mutum biyu a kan hanyar cin maki, sai muka ga ƙofar shinge ta buɗe ya fito da gudu. Kanti ya ɗauki ihu. Jifar farko miƙaƙƙiya, alƙali ya ɗaga hannu, ta yi kyau. Kafin ta biyu mai kyamara ya kawo fuskarsa kusa, ta cika gilashin. Ban taɓa zama na kalli fuskar Telo yana aiki ba sai ranar. Na ga ya haɗa hannuwa a ƙirji, na ga idon ya sauka cikin safa ya dawo.

"Cokali," na ce, ban san a fili na faɗa ba.

Cokali ce. Mai kulki bai motsa ba. Ido ya sake sauka, na sake faɗa, ta sake faɗuwa ƙasa ba wanda ya kula ta. Yanzu rabin kantin na kallon talabijin, rabi na kallona. A ta huɗu idon bai sauka ba. Na miƙe tsaye ina ihu, "Leƙa! Leƙa, don Allah!" kamar zai ji ni daga ƙetaren teku. Ƙarar kulkin kawai ta ishe mu, ba wanda ya tsaya ganin inda ta sauka.

Suka sallame shi a makon. Ya dawo gida ya shige, ba ya zuwa domino, ba ya zuwa kallon wasan hunturu. 'Yan kanti sun ba shi labarin abin da suka gani, ya ce taron mashaya ne. An kai masa faifan wasan, ya ce ai ana iya yi wa faifai aiki. Ni ban je ba. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, ban san wanne zai riga fita daga bakina ba.

Sai wata safiya bayan Kirsimeti ina ba kaji dusa na ji an turo ƙyauren gidana. Telo ne, ya rame, da safarsa a hannu da ƙwallo. Ya jefo mini tsohuwar safata da ke rataye a baranda.

"Tsuguna," ya ce. "Kada ka kalli hannuna. Fuskata za ka kalla."

Gwiwoyina suna ƙara na tsuguna a gindin mangwaro. Ya ja baya ya auna tazara, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Ya jefo, ta taso ta faɗi a gabana, kyakkyawa kamar a bazarar can.

"Na leƙa?"

"Ka leƙa, kompai."

Ya tsaya yana kallon yatsun nan biyu nasa, a buɗe, ya daɗe. Na ce a raina yau dai kalmar ban haƙuri za ta fito, kuma wallahi da ta fito da na yafe tun kafin ya ƙarasa. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan kanne ido ɗaya.

"Tun yaushe ka sani?"

Na zare safar na ajiye a ƙasa, na shiga ɗaki na bar shi da kajin.